Tensis Ɗin Turanci: Me Ya Sa Yaro Ke Haddace 12 Amma Ya Zame a Rubutu?

Me ya sa ɗalibin da zai jero maka lokutan aikatau (kalmar aiki) 12 na Turanci da ka, waɗanda 'yan makaranta ke kira tensis, shi ne kuma in aka ce ya rubuta labarin tafiyar da ya yi hutun bara sai ya fara da *I went*, layi uku a gaba ya koma *I see*? Laifin Hausar da yake yi a gida ne, ko na malaminsa, ko kuwa shi Turancin ne mai wuyar sha'ani?

Tambayar tsohuwa ce, abubuwa biyu ne suka sake tado ta. A watan Agusta na 2025 hukumar WAEC ta fitar da sakamakon da ya nuna kashi 38.32 cikin 100 ne kawai suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Hankalin iyaye ya tashi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta ce an samu kuskure wajen makin ɗaya daga takardun Turanci, ta mayar da adadin kashi 62.96. Ƙurar ba ta gama lafawa ba sai ga Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, a watan Nuwamba a nan Abuja, ya sanar da soke manufar 2022 wadda ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Hujjarsa ita ce yankunan da suka rungumi harshen uwa su suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Ba sai an faɗi yankin da mutanenmu suka ɗauka ana nufi ba.

Muhawarar tana da faɗi. Gefe ɗaya zan kama, na tensis, domin a nan ne mutum zai ga da idonsa irin hannun da Hausa ke da shi a kuskuren ɗalibi, da kuma inda aka ɗora mata laifin da ba nata ba.

## Su nawa ne ma tukuna?

Malamin firamare zai ce 3: da, yanzu, da nan gaba. Na sakandare da masu lesin ɗin JAMB a Nyanya ko Kubwa za su zana tebur mai gida 12 a allo. Wasu littattafan 16 suke kawowa. Masanin nahawu a jami'a kuma ya ce 2 ne kacal. Babu wanda ya yi ƙarya, abin da kowa ke ƙirgawa ne daban.

Mai cewa 2 jikin aikatau yake dubawa. Kama biyu kawai aikatau na Turanci ke da su na nuna lokaci: *walk* da *walked*, *write* da *wrote*. Babu wata ɗafa-ƙeya da ake liƙa masa ta nuna gobe. Sai dai a aro *will*, wadda 'yar gidan su *can* da *may* da *must* ce, ko a ce *going to*, ko ma a bar siffar yanzu ta yi aikin, kamar yadda mai sayar da tikiti a tashar Idu zai ce *the train leaves tomorrow morning*.

Mai cewa 12 lissafi ya yi, 3 sau 4. Ukun su ne lokaci. Huɗun kuwa wani abu ne daban, mu kira shi yanayin aiki. Ko dai an ambaci aikin kawai, *he wrote*. Ko ana tsakiyar yin sa, *he was writing*. Ko an riga an gama shi kafin wani lokaci, *he had written*. Ko an daɗe ana yi har zuwa wannan lokacin, *he had been writing*. Masu 16 layin *would* suka ƙara, wato goben da aka hango tun jiya.

Abin da teburin ba ya faɗa shi ne gidajen nan ba nauyinsu ɗaya ba. A 1999 masanin harshe Douglas Biber da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka samu bayan ƙirga miliyoyin kalmomi na hira da jarida da littattafai: kusan 9 cikin 10 na aikatau a sauƙaƙƙiyar siffa suke zuwa, babu *have* babu *-ing*. Irin su *will have been writing* kuwa, sai ka daɗe kana karanta jarida ba ka ci karo da su ba. Amma a aji kowane gida lokaci ɗaya ake ba shi, wani sa'in ma mai wuyar ya fi cin lokaci, tun da shi ke nuna malam ya yi karatu.

## Tambayar Bahaushe daban, ta Bature daban

A Hausa aikatau ba ya sauya kama don jiya ko gobe. 'Yar kalmar da ke gabansa ce ke ɗaukar nauyin: ya tafi, zai tafi, yakan tafi, yana tafiya. A ajin Hausa an koya mana sunayensu: shuɗaɗɗen lokaci, lokaci na gaba, sabau, lokaci mai ci. Sunayen suna da ɗan yaudara, domin ba duka ne lokaci suke nunawa ba. Duba nan:

Jiya da na shiga, yana cin abinci.
Yanzu haka yana cin abinci.
Gobe war haka yana cin abinci.

"Yana" ɗaya ce a duka ukun, kuma babu Bahaushen da zai ce an yi gwaranci. Ke nan "yana" ba ta faɗin yaushe, abin da take faɗa shi ne aikin bai ƙare ba. Bature kuwa dole ya sauya sau uku: *was eating*, *is eating*, *will be eating*.

Shuɗaɗɗen ma haka yake, har ya fi tsanani. Mota ta tashi ƙarfe bakwai. Ka makara, mota ta tashi. Kafin in isa tashar Jabi mota ta tashi. In ka kai ƙarfe takwas gobe, kafin ka iso mota ta tashi. "Ta tashi" ɗaya, amma a Turanci siffa huɗu ce a jere: *left*, *has left*, *had left*, *will have left*. Ta ƙarshen ma motar tana nan a tasha, ko direba bai zo ba, amma Hausa ta ba ta "shuɗaɗɗe".

To ga inda hanya ta rabu. Hausa tana tambaya: an gama ko ba a gama ba? Maganar yaushe ta bar wa "jiya" da "bara" da zaren zance. Turanci yana yin tambayoyin biyu a kan kowane aikatau, an gama ko ba a gama ba, sannan yaushe. Bahaushe kamar mai rubuta wasiƙa ne, ya sa kwanan wata sau ɗaya a sama ya ci gaba da zancensa. Bature kuwa ma'aikacin rajista ne, kowane shafi sai ya buga masa hatimi.

Da wannan za a gane yaron da ya rubuta *Last year I travelled to Kano*, sannan ya ci gaba da *when I reach the park I buy ticket*. Ba mantuwa ya yi ba. A tsarin da ke kansa ya riga ya ce bara, me kuma za a yi ta nanatawa?

Sai dai kafin a yanke wa Hausa hukunci, a saurari yaran Mararraba da Karu da ba sa Hausa a gida. Turancin Buroka da suke yi a layi ginin nan ne sak: *I don chop*, *I dey chop*, *I go chop*. Aikatau yana tsaye, 'yar kalmar gabansa ke aiki. Yarbanci ma da irin waɗannan ƙananan kalmomi yake nuna an gama ko ana cikin yi. Shi ya sa kuskuren da za ka gani a takardar Bahaushe shi za ka gani a ta ɗan ajinsu da bai san ko "zo" ba.

## Inda ƙafa ta fi zamewa

Mafi yawan wahala tana wajen *have*. "Na biya" na iya zama *I paid* ko *I have paid*, kuma ba zaɓin ganin dama ba ne. In ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, jiya, ranar Litinin, 2019, to *have* ba ta da wurin zama. *I have seen him yesterday* kuskure ne a Ingila, kuskure ne a Amurka. Ita *have* aikinta ta ce abin ya faru kuma sakamakonsa yana nan yanzu: *I have paid*, wato ga rasit, kada a sake tambayata. Amurkawa suna ɗan sassauta wannan a magana, za ka ji *did you eat yet* inda mutumin Ingila zai ce *have you eaten yet*. Makarantunmu kuwa tsarin Ingila suka gada, yaranmu kuma finafinan Amurka suke kallo.

Sai maganar "tun". Muna cewa "ina nan tun safe", don haka *I am here since morning* take fitowa da kanta. Turanci yana son *I have been here since morning*, saboda abin ya faro a baya kuma bai yanke ba. Wannan yana cizo a takardar neman aiki. Wanda har yanzu yake aiki a wani wuri, in ya rubuta *I worked there for five years*, ya gaya wa mai karantawa cewa ya bar wurin.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sabau. "Yakan zo da wuri" ba ta da lokaci, tana yi wa da, tana yi wa yanzu. An koya wa da yawa cewa Turancinta shi ne *used to*. Ka ɗauka wani dattijo mai shago a kasuwar Wuse ya zauna zai rubuta wa yaronsa takardar shaida, yaron yana neman aikin direba a wani kamfani. Da kyakkyawar niyya ya rubuta *he used to come to work early and he used to be honest*. Abin da manajan zai karanta shi ne: da can yana zuwa da wuri, da can yana da gaskiya, yanzu ya daina. *Used to* ta abin da aka bari ce. Ɗabi'ar da ake kai yanzu sauƙaƙƙiyar siffa take ɗauka: *he comes early*, *he is honest*.

Akwai kuma aikatau na hali da mallaka. Hausa ta ce ina da, ina so, ina ji, duk da lokaci mai ci, sai ɗalibi ya bi sawu ya rubuta *I am having two children*, wanda a kunnen Bature ya fi kama da matar da ke ɗauke da cikin tagwaye. Su *have* ta mallaka da *know* da *understand* ba sa son *-ing*. Abin dariyar, a ɗaya gefen Hausa ta juya: na sani, na gane, na gaji, duk siffar shuɗaɗɗe ce amma yanzu ake nufi. Yaron da aka ce masa "na" jiya ce, in malam ya tambaya ko ya fahimta, *I understood* zai ce.

Na sharaɗi ba sai an daɗe a kansa ba. "In ka zo gobe" *if you come tomorrow* ce, babu *will*. "Da ina da kuɗi" kuma *if I had money* ce, siffar jiya amma zancen yau. Masu rubuta bayanin taro a ofis su ma sun san tasu: shugaba ya ce yana jiran rahoto, a takarda sai ta koma *he said he was waiting*, kowane aikatau ya ja da baya taki ɗaya.

## Kunne ma da nasa kason

Kalmar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a cunkushe, yawanci ma da wasali take ƙarewa. Alamar jiya a Turanci kuma sau da yawa a cunkoson nan take ɓuya. *Asked*, *walked*, *passed*: abin da ya raba su da siffar yanzu ɗan sautin "t" ne a ƙarshe. In malam bai furta shi ba, yaro bai ji ba. Abin da bai ji ba kuwa ba zai rubuta ba. Za ka lura yara sun fi kiyaye *went* da *bought* da *wanted*, waɗanda sauyinsu ke fitowa a kunne, fiye da *ask* da *asked*. Aikatau masu bauɗewa kusan 200 da ake tilasta haddacewa su ake jin tsoro, alhali masu bin ƙa'idar ne ke sace maki a ɓoye.

## Kuskure ne, ko Turancin Najeriya?

Akwai masana da ke cewa a daina kiran komai kuskure, Turanci ya zama namu kamar yadda ya zama na Indiya da Amurka. Suna da hujja. A watan Janairu na 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da *okada* da *danfo* da *Kannywood*. Masu ɗaya ra'ayin suna cewa kalma daban, nahawu daban; an karɓi *okada*, ba a karɓi *I have seen him yesterday* ba, kuma mai makin jarrabawa ba ya karɓa.

Ni a ganina kuskuren iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke ɓata muhawarar. *I am having headache* kowane likita a Abuja zai gane, ba ta cutar da kowa sai a ɗakin jarrabawa. Amma *he used to be honest* da *I worked there* ma'ana suke juyawa. Wanda ya gaya wa likita *I coughed for two weeks* ya ce tarin ya wuce. Mai tari har yanzu *I have been coughing* zai ce. Irin waɗannan ba maganar kishin ƙasa ba ce.

## Abin da ya shafi maki da aljihu

A insha'in WAEC, wanda ake so ya kai kalma 450, maki 50 ne: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya magana, 10 na tsabtar rubutu. A wannan na ƙarshen rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, don haka kuskure 20 sun cinye goman kaf. Yaron da ya saki jiya ya kama yau a sakin layi na biyu, kowane aikatau da ya biyo baya kuskure ne, kafin ya juya shafi ya gama asarar. Maganinsa a ɗakin jarrabawa ba wani abu ba ne mai tsawo: ya ware minti biyar a ƙarshe, ya bi aikatau ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kowanne yaushe ne.

Babba kuma a takardun hukuma yake gamuwa da su. Ɗan kwangila ko ɗan fansho da ke zarya a Sakatariyar Tarayya ya kamata ya san jimloli ukun nan kamar sunansa. *Your payment has been approved*: an amince, an gama. *Is being processed*: ana kai, kuma babu wanda ya ce yaushe za a gama. *Will be paid*: alkawari ne. Tsakanin *been* da *being* ɗan sauti ne a baki, amma a aljihu yana iya zama wata shida. Mutane da yawa sun ci bashi a kan *being* suna zaton *been* suka karanta.

Kanun jarida ma da nasu salon. *President signs budget* siffar yanzu ce amma an riga an sa hannu. *FG to pay arrears* kuwa ba a biya ba, niyyar gwamnatin tarayya ce aka bayyana. Rabin gardamar da ake yi a majalisar masu shayi kan "ai an ce an biya" daga wannan ƙaramar *to* take tasowa.

## Hana Hausa a aji zai gyara?

Masu goyon bayan minista suna da tambayar da ba ta da sauƙin amsa, musamman a Abuja. Aji ɗaya a Lugbe ko Gwagwalada akwai Gbagyi da Hausawa da Tibi da Ibo da Yarbawa, harshen uwar wa za a ɗauka? Ina littattafan, ina malaman? Masu suka kuma suna cewa manufar shekara uku kawai ta yi, ba a ma aiwatar da ita sosai ba, waɗanda suka zauna WAEC a 2025 sun bar firamare tun kafin a kafa ta. Suna kuma tuna gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin.

A kan tensis dai, ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Gaskiya ne yaro na buƙatar jin Turanci da yawa da karanta shi da yawa, teburi kaɗai ba ya koya wa kowa magana. Amma shekara da shekaru ana cin tarar yara in sun yi Hausa a aji, kuskuren bai tafi ba, domin tarar baki take rufewa, tsarin yana nan cikin kai yana aiki. Yaron da ke rarrabe "ya tafi" da "yana tafiya" da "yakan tafi" tun yana ɗan shekara huɗu ya riga ya mallaki rabin teburin nan mai gida 12, rabin da ya shafi yanayin aiki. Abin da ya rage masa shi ne hatimin lokaci. Malamin da zai rubuta "mota ta tashi" sau huɗu a allo, ya sa yara su nemo Turancin kowacce, cikin darasi ɗaya zai nuna musu abin da hadda ba ta nuna ba a zango guda. In ajin gauraye ne, *motor don go* za ta yi masa aikin.

Irin wannan darasi yana buƙatar malamin da ya san nahawun harsunan biyu, kuma kwalejojin ilimi sukan horar da malamin Turanci daban, na Hausa daban. Abin da nake hange shi ne malama a makarantar gwamnati a Zuba ko Dei-Dei za ta ci gaba da komawa Hausa ko Buroka duk sa'ad da ta ga idon yara ya yi fari, kamar yadda take yi tun kafin 2022. Bambancin kawai, yanzu za ta yi ne tana waigen ƙofa, ba tare da littafi ko horon da zai nuna mata yadda ake yi ba.